Farfesa da Zazzaɓin Yayata

Mijin yayata malamin kimiyya ne a sakandare, amma a gida Farfesa muke ce masa, kuma bai taɓa gane ba'a muke yi ba. Mutum ne da in ka ce masa ina kwana sai ya bayyana maka yadda rana ke fitowa. Ruwan shayi ma bai iya dafawa ba, amma ya san dalilin tafasarsa.

Da aka gano Yaya tana da ciwon daji, mu muka yi kuka, shi kuwa ya samu darasi. A ɗakin jiran asibiti ya zare igiyar takalminsa, ya ninka ta biyu, ya murɗe.

"Kun ga wannan? Haka zaren gado yake a cikin kowace ƙwayar jiki. In ƙwaya za ta rabu biyu, sai an buɗe zaren, gabansa kuma ya cukurkuɗe. To akwai wani enzayim, ɗan ma'aikaci, da ke yanka zaren, ya warware murɗin, ya sake ɗinkewa. Maganin nan da za a ba ta yana cafke shi bayan ya yanka, ya hana shi ɗinki. Ƙwayar daji mai saurin rabuwa sai ta mutu a tsinke!"

Gaskiya ya faɗa, abin haushin ke nan. Sai dai yana faɗa Yaya na gefensa tana amai a roba, wata baƙuwa ce ta riƙe mata kai.

Ranar da aka fara yi mata ƙarin ruwan maganin, likita ta ja masa kunne: maganin ba ya tantance ƙwaya, yana kashe har masu kare jiki daga cuta, don haka in zazzaɓi ya taso a kawo ta nan take. Farfesa bai ji ba, yana jiran ta yi numfashi ya gyara mata sunan enzayim ɗin.

Bayan 'yan kwanaki na je da hantsi, na tarar da Yaya cikin bargo, haƙoranta na kaɗawa. Tun jiya, in ji ta.

"Me ya sa ba ka kai ta ba?" na tambayi Farfesa.

"Ke ba ki yi karatun ba," in ji shi, yana goge tabarau. "Zafin yaƙi ne. Zaren yana tsinkewa, magani na aiki."

"Yaya, tashi," na ce. Ban sake kallonsa ba, don da na kalle shi da na faɗi abin da zai raba zumunci.

A asibiti aka ce cuta ta riga ta shiga jininta. Ta rayu da ƙyar, amma jikin ya raunana har aka ɗage sauran maganin, dajin kuma bai tsaya jiran kowa ba. Wannan jinkirin shi ne abin da ban yafe masa ba.

Ranar da aka ce ta dawo a ci gaba da maganin, ya yi wanka, ya sha guga, ya raka mu har ƙofar ɗakin likita. Ya buɗe baki zai gaisa da likita, sai Yaya ta dafa hannunsa. Matar da ba ta taɓa katse shi ba tun aurensu ta ce a hankali, "Baban yara, ka jira mu a mota. Ina so a ji abin da za ta ce."