Lasifika Ya Rasa Murya

Ɗalibai ne suka laƙaba masa Lasifika, sunan kuwa ya bi shi har gida, don ko ƙanwarsa in ta tashi tsokana da shi take kiransa. Ilimin ƙasar noma yake koyarwa a jami'armu, bango ɗaya ya raba ofishina da nasa, da yake kuma ya girme ni Yaya nake ce masa. In yana lacca a babban zauren ƙasa, ni da ke kan bene sai in iya rubuta darasin ban tashi daga kujerata ba. Ɗan manomi ne, yayansa ne ya tsaya masa har ya zama dakta, shi ya sa bai ɗauki aiki da wasa ba. Ba ya makara, ba ya fashi. Shekara da shekaru haka yake shigowa da takardunsa da suka yi ja don tsufa, ya tsaya gaban allo ya yi ta karantowa, yara na rubutu har yatsu su ƙage. Tambaya kuwa sai ƙarshen lacca, lokacin da kowa ya ƙosa ya fita.

Sai muryar ta fara dushewa. Ya ce mura ce. Maiɗakinsa ta yi ta haɗa masa zuma da lemon tsami, abu ya ƙi. Da ta matsa ya je asibiti, aka gano tsiro a maƙogwaro, aka yi aiki. Ya tashi lafiya, amma muryar da ta saura raɗa ce kawai, ita ma in ya ja ta kaɗan sai tari ya sarƙe shi.

Shugaban sashe ya tausaya masa, ya ce zai mayar da shi ofishin jarrabawa ya huta da aji.

"Baban yara, ka karɓa mana," in ji maiɗakin nasa, a gabana ranar da na je dubiya. "Ka yi wa 'ya'yan mutane ihun da ya isa."

Ya girgiza kai, ya ce can ƙasa-ƙasa, "Malami aka ɗauke ni, ba mai gadin takardu ba."

Da ya koma aji, sai ya ɗauki alli yana rubuta laccar gaba ɗaya a allo. Kafaɗa ta riƙe, na baya ba sa gani, rabin aji suka koma kan wayoyinsu. Ya shigo ofishina hannu duk farin alli, ya zube a kujera. Na tuna masa da cibiyar horar da malamai da ke bayan laburare, wadda ya saba kira majalisar shan lemo da biskit. Ya harare ni. Amma da sati ya zagayo na hango shi ya nufi can.

Mai kula da cibiyar tsohuwar ɗalibarsa ce. Ya zauna cikin sababbin malamai sa'annin 'ya'yansa, gwiwa na gogar ƙaramin tebur. Ta tambaye shi abin da yake so ɗalibi ya iya yi da hannunsa in ya gama kwas ɗin. Ya fara lissafo mata babi-babi. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Ni na ci jarrabawarka da kyau, har yau ina iya karanto maka babi na farko da ka. Amma ka zuba mini ƙasa a tafin hannu, wallahi ban san mai riƙe ruwa ba."

Maganar ta yi masa zafi, har ya ce mini yarinyar nan ba ta da kunya. Duk da haka bai fasa zama ko ɗaya ba.

Ran nan sai ga shi da bokitai a bayan mota: yashi, yumɓu, da baƙar ƙasar bakin rafi. Ya raba ɗalibai rukuni-rukuni, ya ba su kofuna masu huji da ruwa, ya rubuta tambaya ɗaya tal a allo. Abin ya zama kasuwa. Laka ta ɓata benci, mai shara ta kai ƙara, wasu ɗalibai ma suka je wa shugaban sashe da cewa Malam ya daina koyarwa, wasan ƙasa yake sa su, kuma ba abin da za su haddace. Ya ba mai shara haƙuri, ya sayo leda yana shimfiɗawa. Ɗalibai kuwa bai ba su haƙuri ba.

Shi da kansa ya roƙe ni in zauna a bayan aji in gaya masa gaskiya. Na ce, "Yaya, kana yin tambaya, kafin yaro ya buɗe baki ka rubuta amsar. Ga fuskar nan taka kamar an aiko maka da sammaci." Ya yi dariya har tari ya kama shi. Daga nan in ya yi tambaya sai ya sa allin a aljihu, ya haɗe hannu a baya, ya jira. Shirun ya fi damunsa fiye da yaran. Wata rana wata ɗaliba da ba a taɓa jin bakinta ba ta miƙe ta ce ba ta yarda da sakamakon rukunin gaba ba, sun danne ƙasarsu da yawa kafin su zuba ruwa. Aka sake gwaji, gardama ta kaure, lokaci ya ƙare ba wanda ya tashi. Yana tsaye gefe, ya kasa ɓoye murmushi.

Ba zan ce kowa ya so abin ba. Har yanzu akwai masu guje wa kwas ɗinsa, wai ya cika sa mutum tunani. Muryar ma ta ɗan dawo, amma ba ta kai ta cika zaure ba.

Bana, ritaya na gabansa, ya nemi a ba shi 'yan shekarar farko, ajin da kowa ke gudu saboda yawa. Matsalarsa bencinan zauren, an ɗaure su da noti a ƙasa, yara ba sa iya juyowa su fuskanci juna. Ya yi ta zarya ofishin masu gyara har suka gaji suka sa hannu a kwance su, suka ce amma ba su da ma'aikata. Jiya da safe ya leƙo ƙofata da sufana biyu, ya miƙo mini ɗaya ya ce, "Cire babbar rigar nan, ƙanena. Layin gaba za mu fara."