Kaka Bakhtawara da Kuɗin Ƙasa Biyu

Kowa a layin masu gurasa na Jalalabad ya san Kaka Bakhtawara, ƴar guntuwar tsohuwa mai saurin tafiya kamar an aike ta, ba ta karatu ba ta rubutu, amma ko ƙwai ɗaya ta soya sai ta raba shi daidai, don ba abin da take tsoro a duniya irin a ce ta fifita wani jika a kan wani.

Lokacin yaƙi ta gudu Peshawar da ƴaƴanta maza biyu, can mijinta ya rasu, can ta yi ta ɗinkin barguna tana ciyar da su. Da ƙura ta lafa ta dawo gida da babban, Toryalai, shi kuma ƙaramin, Zmarak, ya yi zamansa can yana gyaran babura. Shi ke nan jikoki suka rabu gida biyu, kuɗinsu ma biyu, na nan afgani, na can kaldar, kuɗin Pakistan ke nan. Duk sallah Zmarak zai ƙetaro iyaka da yaransa, ita kuma dokarta ba ta canzawa: kowane yaro takarda ɗaya, lamba iri ɗaya, kuɗin ƙasar da yake kwana.

To ashe kuɗin ba sa jin doka! Zamanin manyan jikoki afgani ya lalace har sai an cika leda kafin a sayo buhun fulawa, ƴan Peshawar suna shan askirim, ƴan gida suna kallo suna kuka. Daga baya aka buga sabon afgani aka yanke sifili uku, kuɗin biyu suka jera kafaɗa da kafaɗa, Kaka ta sha iska shekara da shekaru. Sai kuma kaldar ya kama zamewa, yana zamewa yana zamewa, ita ba wanda ya gaya mata.

Ƙaramar sallar bana ta raba hamsin hamsin, yara suka kwasa a guje wurin mai ruwan rake. Ba a jima ba sai ga Wranga, autar Zmarak, ta shigo fuska a kumbure, Atal ɗan Toryalai yana biye da ita yana gyatsa da gangan.

"Kaka, ni kofi ɗaya aka ba ni, wai ma alfarma aka yi min! Shi ya sha ya sha har ya saya wa abokinsa!"

"Ke tafi can, ai hamsin na ba ki, hamsin na ba shi."

"Hamsin ɗinta ciwo yake yi, Kaka," in ji Atal, "a kai shi asibiti."

"Rufe min baki, mai cikin tulu!"

Zmarak ya yi dariyar yaƙe ya ce, "Inna, rabu da ita, yanzu afgani ɗaya sai kaldar kusan huɗu, ba laifinki ba ne." Amma Wranga ta riga ta juya baya, ta ce ita dai ta gane, ƴan gida ake so, kuma babbar sallah ba za ta zo ba, a bar ta wurin maƙwabta.

Wallahi ranar Kaka ko shinkafar sallah ba ta iya ci ba. Washegari da safe ta cafke kazarta mai yawan ƙwai ta sayar, ta zarce teburin Lal Gul ɗan canji, wanda tun yana yaro take ja masa kunne.

"Kai ɓarawon zaune, me kuka yi wa kaldar?"

"Ni kuma, Kaka? Ni ma da safe nake ji kamar kowa. Ki ba ƴan Peshawar takarda huɗu huɗu mana, magana ta ƙare."

"Ƴan gida su ga huɗu a hannun wasu, ɗaya a nasu? So kake a cinye ni ɗanya? To baɗi fa, wanne zai hau?"

"Da na sani ai da ba a bakin kwata nake zaune ba."

"Ka gani! Gemu har ƙirji, ba ka san komai ba."

Ta sa ya ba ta sababbin takardu na nan da na can, ta ƙulle a bakin mayafi ta dawo, ta zauna a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar lemo, ta ɗauko allurar barguna da baƙin zare. Matar Toryalai ta leƙo ta ce, "Inna, kuɗi kike ɗinkewa?" Ta ce, "Ki je ki duba tukunyarki." Takarda ɗaya ta afgani da ɗaya ta kaldar, ta haɗa su baya da baya, ta bi gefe da dogon ɗinki, ta ƙulle, ta gatsa zaren da sauran haƙoranta.

Da la'asar ta tara su duka ta miƙa wa kowa nasa. Atal ya jujjuya ya ce, "Kaka kin huda kuɗi! Mai rake ba zai karɓa ba!"

"Ka ce masa ni na huda, ya zo ya same ni. Daga yau duk kuɗin da ya faɗi, ɗan'uwansa na goye da shi, ku je ku yi ta faɗanku da ƴan canji, ni kun fita bakina."

Wranga ta karɓi na Atal ta ɗora a kan nata, ta duba gaba ta duba baya, ta sake dubawa. Kaka ta yi kamar tana neman allura a tabarma, amma duk hankalinta na kan yarinyar. Can sai Wranga ta matso ta haye cinyarta ta kama tsinke zaren da farce.

"Baƙin zare muni gare shi," ta ce. "Babbar sallah ki yi min nawa da ja."

"Ja kuma! Su Atal fa?"

"Su ma ja. Amma ni zan zura miki allurar, ke ba kya gani."