Almakashin Kar-a-motsa

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya taɓa tsayawa gaban kyamarar Kar-a-motsa. Sunan da muka laƙaba masa ke nan, don abin da yake faɗa ke nan kafin ya danna. Shagonsa na tsakanin kemis da mai faci, ɗaki guda da labule mai zanen teku. Ranar da aka buɗe firamare shi ya ɗauki hoto, ranar da aka kafa kulob ɗin ƙwallo shi ne, haka duk sabon shago da sabon jariri. Yanzu da ya mutu sai ka ji ana cewa wai shi ya adana tarihin unguwa. Tarihin me? Ni dai ba zan taya su ƙarya ba, mutumin nan mugu ne.

Almakashi gare shi a aljihun gaba. Kuna saɓawa zai sauko da hoton da kake ciki daga bango, ya ƙwaƙule kanka, ya mayar ya rataye. Haka ya yi wa hedimasta, haka ya yi wa surukinsa. Mutane sai dariya, wai halin Kar-a-motsa sai shi.

Babanmu ne ya kafa kulob ɗin, shi ne kuma koci. Ba ya son hoto ko kaɗan, na kulob ɗin nan kawai aka taɓa shawo kansa ya shiga. Laifinsa kuwa, ya ajiye ɗan Kar-a-motsa a benci ranar wasan ƙarshe, yaron da ko ƙwallo a ajiye ba ya iya samu da ƙafa. Washegari aka ga hoton kulob da rami a tsakiya.

Bayan rasuwar Baba, Mama ta fara cewa fuskarsa tana ɓace mata. Maganar nan ta hana ni sukuni. Na haɗiye fushina na je shagon, na gaishe shi da ladabi, na roƙe shi ya dubo fim ɗin ya wanke mana ko guda. Lokacin ya tsufa, na zaci zuciyar ma ta yi laushi. Ina! Ya shanya ni a tsaye yana goge gilashin kyamara, can ya ce, "Wane koci? Kulob ɗin nan bai taɓa yin koci ba." Daga baya matarsa ta raɗa mini cewa tun lokacin da ya ƙwaƙule hoton ya ƙone fim ɗin.

Bara makarantar ta shirya baje kolin tarihin unguwa, 'ya'yansa suka ba da hotunan, aka jera su a zauren taro da ramukansu. Har aka ce in yi jawabi a kan Kar-a-motsa, na ce su nemi wani, bakina ba zai iya ba. Mama ce ta nace sai na kai ta.

Ta daɗe a gaban hoton kulob, ta matsa har tabarau ɗinta na neman taɓa shi. Almakashin ya cinye kai da ƙirji, amma ya bar hannu a kafaɗar gola, da ƙaramin yatsan nan a tanƙware, wanda ƙofar mota ta taɓa datsewa. Ta ɗora yatsanta a kai ta ce, "Ga shi nan. Hannunsa ne."

Malamin da ke kula da wurin ya matso ya ce ba a taɓawa. Mama ba ta ɗauke hannunta ba.