Ranar da na rubuta sunan Lao Chen da jan biro

Yau na ɗauki jan biro zan rubuta sunan wani, sai hannuna ya ƙi. Birnin Guangzhou na ƙasar Sin na tuna, ƙarshen shekarun casa'in, ina ɗalibi.

Maƙwabcina Lao Chen yana da shekara hamsin aka rufe masaƙar da yake aiki. Abin da ya rage masa shi ne jarrabawar lasisin dillancin gidaje, kuma ya riga ya faɗi sau ɗaya. Ni nake koya masa lissafin faɗin ɗaki.

Ana gobe jarrabawa na duba takardar gwajinsa, na rubuta sunansa a sama da ja, yadda malamanmu na Kano suke yi. Matarsa ta dafe ƙirji. Ashe a wurinsu sunan mamaci ake rubutawa haka.

Na fara ba da haƙuri, sai ya karɓi takardar yana dariya.

"Malam, ka yi daidai. Masaƙin ya mutu tun ranar da aka rufe ƙofa. Gobe dillali zai shiga jarrabawa."

Ya ci. Bayan wata biyu haya ta ƙare mini, duk gidan da na je a unguwar Sanyuanli, da an ga fatata sai a ce babu ɗaki. Shi ya shiga gabana da sabon lasisinsa, yana cewa, "Malamina ne." Ranar na samu makulli.

Digirin da na dawo da shi bai taɓa tsaya mini haka ba, balle abokan karatuna da suka zama manya.

Ku fa, wa ya taɓa tsaya muku a baƙunta?