Mai Sauraron Taya a Arba wa Nus

An ce wai a unguwar Arba wa Nus, inda 'yan gudun hijirar Sudan suka yi yawa, akwai wani boka da motoci ke raɗa wa sirrinsu a kunne. Ƙarya ce, na je na gani. Wani dattijo ne, Bahaushen Sudan, siriri kamar kara, jallabiyarsa ta sha giris har ta manta farinta.

Motarsa irin mai ɗaki da gado ce, na rantse ta girmi kakata. Ya ɗaga gaban motar da jak. Yana juya tayar gaba da hannu, ya kafa bakin sukundireba a ƙarfen da ke riƙe da ita, wanda sitiyari ke juyawa, ya manna kunne a ƙotar. Sai ya ja tsakin da za a ji har can unguwar Ainu Shams.

Ga boris ɗin taya biyu sababbi da ya gwada ya cire, yashe a kan jarida, na uku ne a ciki yake gurnani. Da alama ƙarfen ne ya cinye, kuma irinsa ko a mafarki masu kayan gyara ba su da shi. Ta taga ina hango tukunya da shanyar iyali. Ashe a ciki suke zaune.

Na ce, "Kawu, wannan gyatumar ai sai gidan tarihi. Ka sayar, ka kama haya kamar kowa."

Bai ko ɗago ba. "Gidana na Omdurman ba shi da taya, shi ya sa na bar wa masu bindiga. Wannan da ni zai gudu. Yalla, maza matsa, ka tare min haske."