Jatau da Karansa Ashirin

Shekara ashirin ke nan, da kaka ta yi, Malam Jatau kan ɗora wa jakinsa ma'auni tun da sanyin safiya, ya bi gonakin Ɗan Kassari yana ƙirga dammunan hatsi. Shi ne mai awo na ma'aikatar gona ta Dogon Dutsi. Bana gwiwa ta gaza, ya ajiye aiki shiru, ko taro ba a yi masa ba.

Ina wurin shekarar da Nasaran gona ya kawo sabon iri. An shuka shi a gona goma, aka bar namu na gado a wasu goma. Bayan girbi Nasara ya haɗa na kowane ɓangare ya raba goma, ya ga sabon ya ɗara da dami biyu. Ya ce baɗi kowa shi zai shuka.

Jatau bai yi musu ba. Ya yanko kara ashirin, tsawon kowanne gwargwadon abin da gona ɗaya ta bayar, ya jera su layi biyu a ƙasa. Na irinmu kusan kansu ɗaya. Na sabon kuwa, wani ya kai kamu biyu, wani bai wuce ɗan yatsa ba.

Nasara ya nuna wani guntu ya ce, "Wannan gonar Gado ce, shanu suka shiga. Ita ta ɓata layin."

Jatau ya kira shi yadda ake kiran maigida da Faransanci, ya ce, "Gaskiya ne, Mushe. To mu cire ta, mu cire mafi tsawo. Mu ɗauki na tsakiya mu gwada sauran da shi."

Aka gwada, na sabon iri dai suna nan a warwatse, wani dogo wani guntu. Jatau ya ɗaga wani ɗan kara ya ce, "Wannan na Dije ne, mijinta ya rasu, 'ya'yanta huɗu. Abin da gonarta ta ba ta shi za ta ci, ba abin da aka raba a takarda ba."

Nasara ya sake duba karan, sannan ya janye umarninsa. Ya ce mai so ya gwada a gefen gona.

Bayan shekara biyu ruwa ya ɗauke da wuri. Sabon iri ya ƙone. Namu ya ba da kaɗan, amma ya ba kowa, har Dije.

Malam Jatau, kai ne ka tsaya wa mai ƙaramar gona ba tare da ka ɗaga murya ba. Mun gode, Allah ya saka. Ku da kuka karɓi ma'aunin daga hannunsa, in kun gama raba lissafi, ku koma ku duba gidan da ya samu mafi ƙaranci.