Maccido Mai Korar Tsuntsaye da Bature Dubasama

A zamanin Turawa, in aka ce Maccido na Dinawa, muryarsa ake fara tunawa. Gajere ne siriri, amma in ya hau rumfa a tsakiyar gonar dawa ya kurma ihu, sai tsuntsayen janbaki su tashi tun daga gonarsa har ta maƙwabta. Da kaka ta gabato rububinsa ake yi. Matarsa Turai takan ce ba ta taɓa jin sirri daga bakinsa ba, don ko raɗa ya yi mata, maƙwabta ke amsawa.

Wata shekara wani Baturen gandun daji ya sauka Wurno. Mutane suka sa masa suna Dubasama, saboda kullum kansa a ɗage yake yana bin tsuntsaye da ido. Ya roƙi hakimi a ba shi wanda ya san tsuntsaye, fadawa kuwa baki ɗaya suka ce ai sai Maccido. Tafintan Baturen, wani Yusha'u, ya gaya masa aikin tsuntsaye ne kawai, Maccido ya ce ai an zo gidan.

Da sassafe suka shiga fadamar Rima. Bature ya yi ta sanɗa cikin ciyawa har ya kusanci wani garken gauraki, ya ɗora madubin hangen nesa a ido. Maccido ya dube shi, tausayi ya kama shi: ga mutum yana son kora, Allah bai ba shi murya ba. Sai ya cika ƙirji ya saki ihu. Fadama ta tashi ɗungurungum, har agwagin da ba a san suna nan ba. Bature ya zabura ya zauna daɓas cikin taɓo.

"Maccido, mi ya kai ka?" in ji Yusha'u.

"To in ba kora ba, mi za a yi musu? Ci zai yi?"

"Kallo zai yi."

"In ya ƙare kallon fa?"

"Shi koma gida."

Maccido ya yanke a ransa cewa Baturen nan ba shi da cikakkiyar lafiya, kuma lallaɓa mara lafiya lada ne. Amma yin shiru ya fi masa noman rani wuya. Ya cusa goro a baki, bai hana ba. Daga baya sai ya riƙa naɗe bakinsa da rawani, ya zauna yana gumi yana kallon abokan gabarsa suna kiwo.

A wannan zaman dolen ne abin ya shige shi. Ya ga yadda zalɓe ke tsayawa kamar mai jiran bashi kafin ya cafki kifi, ya ga gauraki na rawa. Ranar da Turai ta kai masa fura gona ta iske shi zaune, janbaki na shagali a kan dawa, shi kuwa yana ɗaga mata hannu kada ta firgita su, sai ta aje ƙwaryar ta tafi ta gaya wa 'yan'uwansa Bature ya yi masa asiri.

Ana cikin haka wani masunci, Mode, ya kama agwagwar ruwa da zoben ƙarfe a ƙafa. Ya cinye naman, ya ba Maccido ƙafar. Da Dubasama ya ga zoben sai ya hau tsalle. Yusha'u ya fassara cewa daga wata ƙasa mai sanyi ta taso, can bayan hamada da teku, masana ne suka sa mata zoben don su san inda take zuwa. Maccido da farko ya ɗauka Turawa sun fara yi wa tsuntsaye ƙidayar haraji ne. Da ya gane nisan tafiyar, sai ya sake duban ƙafar.

"Baƙuwa ta ƙetaro duniya, ta ƙare cikin miyar Mode," in ji shi. "Ko sannu da zuwa ba a yi mata ba."

Bayan an mai da Dubasama wani lardi, Maccido bai daina ba. Duk rani yakan bi masunta daga Wurno har Goronyo yana roƙonsu su duba ƙafar agwagwa kafin su yanka, mai zobe a sake ta. Wasu tsofaffi suka riƙa binsa, suna zama gindin tsamiya suna gardamar ko shamuwa Makka take zuwa. Bai sake ganin zobe ba har ya rasu. Mode kuwa, don zaman lafiya, ya koma fige agwaginsa a bayan gida.